Asalin Mai Nasiha: Labarin Shaihu Ibnu Aɗa'illahi na Alƙahira

Jawabin da magatakardan Limam ya yi a taron jam'iyya bayan sallar lisha

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

  

Kun san ni ba malami ba ne. Allo na yi, na sauke, na ɗan taɓa Ahalari da Ishmawi, daga nan sai kasuwa ta ɗauke ni. Aikina riƙon alƙalamin Limam da ɗaukar masa littattafai. To, shi ne ya umurce ni in tsaya yau in yi wannan jawabi, domin ya ce abin da zan faɗa na gan shi da idona a cikin littafin da na ke rubutu. In na yi daidai daga karatun da na ji a bakinsa ne, in na yi kuskure nawa ne, ga shi nan zaune ya gyara.

Abin da ya tara mu kun riga kun ji shi. Jam'iyya ta yanke shawara za ta naɗa mutum guda wanda zai riƙa zama da samarinmu da magidanta waɗanda wani mugun hali ya kama, ya yi musu nasiha. An kawo sunaye, an kuwa fara gardama, wani ya ce wane ya fi murya, wani ya ce wane ya fi takardun shaida. Kafin mu shiga wannan, ku bari in gaya muku abin da ke cikin littafin sulhu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina rubuta duk wanda aka kawo gaban Limam. Wani ya cinye kuɗin uban gidansa a loto, wani cacar ƙwallo ta waya ta raba shi da jari, wani tiramol, wani dukan mata, wani ya karɓi huhun goro bashi ya ɓace. Kowa ya zo sai ya yi kuka, ya rantse, a yi fatiha, in rubuta an sulhunta. Ba zan kama sunan kowa ba, amana ce. Amma wallahi in na buɗe littafin baya, sunayen da na rubuta bayan ƙaramar salla su na ke sake rubutawa kafin babbar salla. Cikin azumi masallaci ba masaka tsinke, a yi wa'azi mutane su yi ta sharar hawaye, wata Shawwal bai ƙare ba an koma gidan jiya. Har wani dattijo ya ce mini, Malam magatakarda, ka daina ɓata tawada, tuban muzuru ne, hali zanen dutse.

Na kai wa Limam wannan magana. Sai ya ce in hali ba ya sakewa da ba a aiko annabawa ba. Ya ce in ɗauko masa littafin nan Laɗa'iful Minan, ya karanta mini labarin mai littafin. Shi ne zan ba ku, da bakina, gwargwadon yadda na riƙe.

Sunansa Tajuddini Ahmadu ɗan Muhammadu ɗan Abdulkarimi, an fi saninsa da Ibnu Aɗa'illahi. An haife shi a Iskandariyya, birnin da ke bakin teku a ƙasar Masar, cikin ƙarni na bakwai na Hijira. Bamalike ne kamar mu, gidansu kuwa gidan fiƙihu ne. Shi ne mai littafin Hikam, wanda malamanmu ke karantawa tun kaka da kakanni daga Katsina har Salaga, gajerun maganganu sama da 250, waɗanda manya irin su Ibnu Abbad da Shaihu Ahmadu Zarruƙ suka yi wa sharhi. A Alƙahira ya yi wa'azinsa, yana da kujera a masallacin Azhar, yana kuma karantarwa a makarantar Mansuriyya wadda Sarki Ƙalawun ya gina. A wannan makaranta ya rasu a shekara ta 709 ta Hijira, watau 1309, aka binne shi a maƙabartar Ƙarafa, gindin dutsen Muƙaɗɗam, har yanzu a na ziyartarsa. Don ku gane daɗewar abin, sai bayan rasuwarsa da shekara goma sha biyar, a 1324, Mansa Musa na Mali ya sauka Alƙahira a kan hanyarsa ta hajji.

To, abin da na ke so ku lura da shi, mutumin nan da ya zama likitan zukata bai fara a likita ba, a majiyyaci ya fara, shi da kansa kuma ya rubuta haka, bai ɓoye ba.

Yana saurayi ya yi karatun fiƙihu da nahawu da hadisi, sai girman kai na masu ilmi ya shige shi. A garin akwai wani shaihu, Abul Abbas Almursi, mutumin Mursiya ta ƙasar Andalus, khalifan Shaihu Abul Hasan Shazali. Ibnu Aɗa'illahi ba ya son ko jin sunansa. Abin ma gado ne, gama kakansa ya kasance mai tsananin ƙin mutanen wannan hanya. Wata rana ya yi musu mai zafi da wani almajirin shaihun, ya faɗi maganganu marasa daɗi, alhali bai taɓa zama gaban mutumin ba ko sau ɗaya. Da ya koma gida sai zuciyarsa ta tuhume shi, ya ce bari dai in je in gani da idona, mai gaskiya ba ya ɓoyuwa. Ya tafi, ya tarar shaihun na bayani a kan Musulunci da imani da ihsani, ya zauna ya saurara har aka tashi. Daren nan ya kasa zama cikin iyalinsa kamar yadda ya saba, ya keɓe shi kaɗai yana kallon taurari. Wannan ya faru wajen shekara ta 674, watau 1276.

Jama'a, da a wurinmu ne da nan labarin ya ƙare. Mu ce wane ya ji wa'azi ya tuba, a yi kabbara, a watse. Shi kuwa nan ne aka fara. Ya zauna hannun shaihun nan shekara goma sha biyu, har shaihun ya rasu a 686, watau 1287. Ku lissafa, yaron da aka haifa ranar da ya fara zuwa, ya isa ya sauke Alƙur'ani kafin ya gama.

Me aka yi masa a cikin shekarun nan? Ba asiri ba ne, ba laya ba ce. Da fari ya kai kukan baƙin ciki da damuwa da ke cin sa. Shaihu bai ce masa ya daina damuwa ba, sai ya rarraba masa al'amarin, ya nuna masa bawa ba ya fita daga hali huɗu, ko ni'ima, ko musiba, ko ɗa'a, ko saɓo, kowanne kuma da aikin da ya ke bukata, watau godiya, da haƙuri, da ganin baiwar Allah, da istigfari. Ma'ana, duk safiyar da ka tashi, ka tambayi kanka a wanne ka ke, ka yi aikinsa, ka bar na gobe sai gobe. Ya ce ya tashi daga wurin kamar an tuɓe masa riga mai nauyi.

Sa'an nan ga wani ciwo da ya fi wannan naci. Yana da wasuwasi wajen alwala, ya wanke ya sake wankewa, ya yi shakka ya koma. Kun san irinsa, akwai su a bakin famfon masallacin nan, a tayar da salla su na can su na ta zubar da ruwa. Labari ya kai kunnen shaihu, shi ya fara tambayarsa, ya yi masa magana mai taushi. Aka kwana biyu ya dawo, shaihu bai manta ba, ya sake tambaya yaya wasuwasin nan. Ya ce yana nan yadda ya ke. Sai shaihu ya murtuke fuska, ya gaya masa in ba zai bari ba to ya daina zuwa wurinsu. Maganar ta yi masa zafi ƙwarai, daga ranar kuwa Allah ya yanke masa abin.

Ku dubi wannan da kyau, ku masu zaɓe. Shaihun ya san ciwon almajirinsa tun bai faɗa ba, domin yana bibiyar labarinsa. Ya tambaya, ya sake tambaya. Ya fara da lallashi, da ya ga lokacin tsawa ya yi sai ya tsawata. Tsawar kuwa ta ci ne domin yaron ya riga ya ƙaunace shi, rabuwa da shi ta fi masa zafi da rabuwa da halinsa. Wanda ya zo daga wani gari da motar lasifika ya yi dare ɗaya ya wuce, in ya ce maka kada ka ƙara zuwa wurina, me ya ɗauke maka? Ba na raina masu wa'azin yawo, Allah ya saka musu, su na tashe mu daga barci. Amma tashi daban, tafiya daban.

Yanzu ga wurin da ya shafe ku, fatake da 'yan kasuwa. Ibnu Aɗa'illahi ya ji ɗalibai na cewa duk wanda ya bi shaihunan nan karatunsa ya lalace. Abin ya dame shi, ba ya so ya rasa ilmi, ba ya so ya rasa shaihu. Shaihu ya warware masa, ya nuna masa su ba su raba ɗan kasuwa da kasuwarsa, ko mai sana'a da sana'arsa, ko ɗalibi da karatunsa, kowa su na tabbatar da shi inda Allah ya ajiye shi. Daga baya kuma shi da kansa ya yi sha'awar ya bar kome ya zauna ibada kaɗai. Tun bai buɗe baki ba shaihu ya ba shi labarin wani malami na garin Ƙus, mai karantarwa kuma mataimakin alƙali, wanda ya nemi barin aikinsa aka hana shi. Ya gane da shi a ke. Ya zauna a kan karatunsa har ya zama abin da ya zama.

Shi ya sa da ya hau kujera a Alƙahira bai kori mutane daga kasuwa ba. Alƙahira ta zamanin nan babbar kasuwa ce, kayan yaji daga Hindu, zinariya daga ƙasashenmu na baƙar fata, dillalai da masu rantsuwar ƙarya duk akwai su kamar yau. A cikin littafinsa Tanwir, wanda ya rubuta a kan damuwar arziki da yawan saƙe-saƙen gobe, ya ware wuri musamman domin mai fita nema. Abubuwan da ya umurce shi ƙanana ne. Kafin ya bar gida ya ƙulla niyyar yafe wa wanda zai cuce shi, domin kasuwa wurin husuma ce. Ya yi alwala ya yi salla kafin ya fita. Ya kame idonsa. Kada ciniki ya riƙe shi ga barin jam'i. Kada ya rantse a kan haja, kada ya zuzuta ta fiye da yadda ta ke. Ya kame bakinsa ga cin naman mutane. Da Limam ya karanta wannan sai na ce, Allah ya gafarta Malam, anya mutumin nan bai taɓa zama a Kejetiya ba? Ya yi dariya.

Ba ko ɗaya a cikin waɗannan da zai sa mutum kuka a masallaci. Amma kowanne a na yin sa kullum, a wurin da jarrabawar ta ke, gaban awo da gaban mai saye. A wani littafin nasa, Tajul Arus, wanda maganarsa ta fi kusa da ta talakawa, ya kwatanta mai saɓo da sabuwar tukunya, in an wanke ta ran da aka ɗora ta a wuta baƙin ya fita, in an bari ya taru sai ya kama. Iyayenmu mata sun fi mu sanin gaskiyar wannan.

Wani abu kuma da ya ruwaito daga shaihunsa, ni shi ya fi taɓa ni. Wani lokaci mai yawan ibada ya kan shigo shaihu bai kula shi ba, mai saɓo ya shigo ya tashi ya girmama shi. Dalili, na farkon ya zo yana ji da aikinsa, na biyun ya zo da karyayyar zuciya. Mu a nan zango yaya mu ke yi? Yaro ya sha ƙwaya, in ya daure ya zo masallaci sai a ja takalmi kusa, a kama aljihu. Alhajin da ke danne ma'auni kuwa a shimfiɗa masa buzu a sahun gaba. Yaron nan ba zai sake zuwa ba, zai koma inda a ke yi masa maraba, kun kuwa san ko ina ne.

Ba a bar shi da talakawa kaɗai ba. Ya zauna da Sarki Lajin, wanda ya yi mulkin Masar daga 1296 zuwa 1299, ya yi masa nasiha a kan godiyar ni'ima. Cikin waɗanda suka zauna gabansa har da Taƙiyyuddini Subki, wanda daga baya ya zama alƙalin alƙalai a Sham. Hanyar kuma ba ta yanke da mutuwarsa ba, ta bi ta hannun almajirinsa Dawuda Albakhili.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Tun da mai littafi bai ɓoye nasa ba, ni ma ba zan ɓoye nawa ba, dattawan nan ma sun sani. Ina ɗan shekara ashirin da biyu ina tsaron rumfar goron kawuna, Allah ya ji ƙansa, loto ta kama ni. Na fara da kuɗin abincina, na koma taɓa cinikin rumfa. Na rantse na bari ya fi sau goma, har da dafa Alƙur'ani, astagfirullah. Ranar da asirina ya tonu kawu ya ce in tattara in bar masa gida. Wani tsohon tela a bayan masallaci, ya rasu yanzu, shi ya roƙe shi. Bai taɓa hawa mumbari ba, muryarsa ma ba ta fita. Abin da ya yi mini, ya ce kowace yamma in kawo masa cinikin ranar mu ƙirga tare, ya ɗaure a tsumma, da safe in kai wa kawu da hannuna. Ran Asabar, ranar da a ke fitar da lamba, sai ya zaunar da ni in riƙa zura masa zare a allura har a yi lisha, wai idonsa ba ya gani. Daga baya na gane idonsa ya fi nawa. Sau biyu na zame a shekarar farko. Na farko ya yi shiru ya cika kuɗin daga aljihunsa. Na biyu ya ce gobe kada in zo. Na kwana ban runtsa ba, da asuba na je na tsuguna a ƙofar shagonsa. Shekara uku muka yi a haka. Sai a ƙarshe ya gaya mini shi ma a ƙuruciyarsa karta ta cinye masa keken ɗinki, wani malami ne ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe ni. Tela bai san sunan Ibnu Aɗa'illahi ba, amma da Limam ke karanta labarin wasuwasin nan, fuskarsa na ke gani.

Na san abin da waɗansu za su ce. Za su ce zamani ya sake, akwai 'ya'yanmu da suka yi karatun sanin halin ɗan adam a jami'a, akwai waɗanda suka dawo daga Azhar da takardu. Gaskiya ne, ba kuwa na hana. Shi kansa Ibnu Aɗa'illahi cikakken faƙihi ne kafin kome, jahili ba ya wannan aiki. Kuma yaron da tiramol ta riga ta kama jikinsa, wanda in bai sha ba ya ke makyarkyata, sai an haɗa da asibiti, nasiha kaɗai ba ta isa, wanda za mu naɗa lalle ya san lokacin da zai ce a kai shi ga likita. Abin da na ke cewa, takarda na nuna abin da mutum ya karanta, ba ta nuna ko zai tuna da sunan ɗanka bayan wata shida.

Sabo da haka ga roƙona ga dattawan da za su zauna a kan sunayen nan. Kada ku tsaya ga jin daɗin muryarsa. Ku tambaye shi gaban wa ya zauna, shekara nawa, wane hali nasa aka gyara. In ya ce shi ba a taɓa gyara masa kome ba, ku yi masa godiya ku sallame shi. Ku ce ya nuna muku mutum ko guda wanda ya riƙe, ku je ku tambayi matar mutumin da abokan cinikinsa, su ne suka san ko gyaran ya zauna. Ku duba ko yana da abin yi na kansa, domin wanda cinsa ke hannun masu matsala ba zai so matsala ta ƙare ba. Ku ji kuma ko zai bar ɗan kasuwa a kasuwarsa, gama mun ga waɗanda suka raba samari da sana'a da sunan tuba, yaro ya bar shago ya bi malam, bayan shekara ya dawo ba jari ba hali. Sa'an nan ku tambaye shi ko zai zauna a zangon nan, ko kuwa yana jiran biza ne.

Su kuma waɗanda abin ya shafa, ban kira sunanku ba, ba kuwa zan kira ba. Limam ya yarda a buɗe sabon littafi dabam da na sulhu, wanda ba mai ganinsa sai shi da wanda aka naɗa, ko ni ba zan riƙe shi ba. Ba a rubuta rantsuwa a cikinsa, ranar zuwa kaɗai a ke rubutawa. Wanda ya zame ya dawo ba a kore shi ba.

Dattawa za su zauna ran Alhamis mai zuwa bayan la'asar a zauren Sarkin Zango. Mai wani suna da ya ke so a duba ya kawo mini shi kafin ranar, ina nan ofishin masallaci daga hantsi zuwa azahar. Mata su ba da nasu ta hannun uwargidan Limam, domin an ce su ma za a naɗa musu tasu.

Allah ya ji ƙan Shaihu Ibnu Aɗa'illahi da shaihunsa, ya ji ƙan telan nan da iyayenmu. Allah ya gafarta Malam, na gama, sai ka yi mana addu'a.